Gobara daban, gara daban: buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Jabo zuwa ga Gwamna Ahmed Aliyu

Mai girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmed Aliyu,

Ni malamin makaranta ne ɗan ƙasar Jabo a ƙaramar hukumar Tambuwal. Ban taɓa rubuta wa gwamna takarda ba, kuma da zan iya samun zama da kai na rabin sa'a da ban sa ta a jarida ba. To amma layin masu son ganinka dogo ne, maganar kuma ba tawa ce ni kaɗai ba.

Kafin daren Alhamis 25 ga Disamba, 2025, mutum zai yi yawo a Abuja yini guda bai gamu da wanda ya san inda Jabo take ba. A wannan dare ana cikin sanyin hunturu, an rufe ƙofofi, sai aka ji ƙara irin wadda tsofaffinmu suka ce ba su taɓa jin kamarta ba, sama ta yi ja kamar an cinna wa daji wuta. Mata suka kwashi yara suka yi waje, wasu suna salati, wasu suna cewa jirgi ne ya faɗo. Wani dattijo maƙwabcina ya fito da bargo a ka, ba takalmi, yana ta maimaita tambaya ɗaya: "Wanga abu daga ina shi ke?" Ba wanda ya iya ba shi amsa. Allah ya kiyaye, abin a fili ya faɗa, ba nisa da asibitin garin, kuma ba a rasa rai ba. Sai da gari ya waye muka ji a rediyo cewa shugaban Amurka Donald Trump ya ce sojojinsa sun kai hari kan 'yan ta'adda a arewa maso yammacin Nijeriya. Ministan harkokin waje na lokacin Yusuf Tuggar ya ce da sanin gwamnatinmu aka yi. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce dajin Bauni da ke Tangaza aka nufa, ɓaraguzan makamai ne suka faɗo a Jabo da kuma Offa ta Jihar Kwara. Tangaza tana can arewa bakin iyakar Nijar, mu muna nan kudu, Sakkwato tana tsakaninmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar. Kafin a gama killace wurin, yara sun riga kowa isa. Na ga yaron da bai wuce shekara goma ba rungume da guntun ƙarfe mai wayoyi a jiki, yana murna ya samu abin kai wa 'yan gwangwan. Bai san ko akwai sauran abin da bai tashi ba a cikinsa, ni ma da nake malaminsa ban sani ba. A wannan sa'a ba ma bukatar kwamiti, ba ma bukatar kasafin kuɗi. Mai shela muke bukata ya zaga unguwa-unguwa yana cewa kada kowa ya taɓa, da igiya a kewaye fili, da wanda ya san aikin bam ya iso da wuri. Wannan shi ne gaggawa: abin da ya faɗo ba zato, wanda ake auna shi da mintoci, wanda in an makara an rasa, in kuma an yi abin da ya dace ya wuce ke nan.

Akwai wani abu na biyu da muke fama da shi, wanda ba ya ƙara, ba ya sa sama ta yi ja, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Duk manomi ya san bambancin gobara da gara. In wuta ta kama rumbu, ihu ɗaya ya isa. Mai bokiti zai zo, mai tulu zai zo, wanda kuka yi shekara ba ku ga maciji da shi ma zai zo da ƙasa a kwano. Ba a tambayar wa ya jawo sai an kashe. Gara kuwa ba ta sa a yi ihu. Tana shiga ta ƙarƙashi, tana cin itacen da ya ɗauki rumbun, damina ɗaya, biyu, biyar, mai gida yana wucewa kullum yana ganin 'yar jar ƙasa a jikin gungume yana cewa gobe. Ranar da rumbun ya kife, maƙwabta za su sheƙo da bokitai domin sun saba, amma ruwa ba ya maganin gara. Hasali ma danshi take so. Maganinta sai a tone, a canza itace, a ɗaga gindin rumbu bisa duwatsu, a riƙa dubawa duk shekara, aikin da ba wanda zai tafa maka a kansa.

Ma'aikatan lafiya sun fi kowa riƙe wannan bambanci. Wanda mota ta buge, ko maciji ya sara, ko mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, imajansi ake wucewa da shi kai tsaye, ba a tsayawa neman tarihin gidansu. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa kati ake yankar masa, a sa masa ranar dawowa, a bi shi shekara da shekaru. Likitan da ya riƙa yi wa mai suga ƙarin ruwa duk sanda ya faɗi, ya sallame shi ba tare da tsarin magani da abinci ba, zai ci gaba da ganinsa a imajansi har ranar da za a kawo shi a makare.

Ranka shi daɗe, gwamnatocinmu sun daɗe suna cakuɗa waɗannan biyun, kuma harshen da ake mana magana da shi a rediyo ya taimaka wajen cakuɗawar. Komai "ta-ɓaci" ne. A tsarin mulki kalmar tana da ma'ana da iyaka. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, ya kuma ce ta ƙare bayan wata shida sai in majalisa ta sabunta. Da aka kafa ta a Jihar Ribas ranar 18 ga Maris, 2025, wata shida ta yi aka ɗage a watan Satumba. Ko mutum ya yarda da dalilin ko bai yarda ba, ta yi kama da sunanta, tana da ranar shiga da ranar fita. Amma dubi wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013. An sabunta ta sau biyu, ta ƙare a 2014, Boko Haram kuwa ba ta ƙare ba har yau, domin abin da ya haife ta ya girmi wata shida nesa ba kusa ba.

Daga nan sai kalmar ta fita daga littafin doka ta zama ta 'yan siyasa. A ƙarshen 2015 wanda ka gada, Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan ƙasa tamu kuma sanatanmu a yanzu, ya ayyana ta-ɓaci a kan ilimi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Niyyar mai kyau ce, an kuma yi gine-gine, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Amma shekara goma ke nan, yaron da aka sa aji ɗaya a wancan lokaci yanzu ya kusa gama sakandare in ya ɗore, kuma har yau duk sanda ake lissafa jihohin da yara suka fi rashin zuwa makaranta sai an ambaci Sakkwato. Ni da nake riƙe da alli na san dalili. Rashin karatu bai faɗo daga sama dare ɗaya ba. Malami ne ba ya son zama ƙauyen da babu ruwa babu ɗakin kwana, uba ne ke bukatar ɗansa a gona ranar da ake jarrabawa, yarinya ce tallanta ke kawo kuɗin cefane. Wanne daga cikin waɗannan sanarwa za ta gyara? Haka a watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ta-ɓaci a kan abinci, a watan Nuwamban 2025 kuma ya ayyana wata a kan tsaro, bayan sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta Jihar Kebbi da ɗaruruwan ɗalibai a Papiri ta Jihar Neja. Sace yaran nan gaggawa ce, babu musu, kuma neman su cikin sa'o'in farko shi ne aikin. Amma dajin da aka shige da su, da hanyar da babura suka bi ba wanda ya tare su, da kasuwar da bindigogin suka fito, waɗannan sun shekara goma suna nan. Abin bai ɓaci ranar da aka yi sanarwa ba, ya daɗe da ɓaci.

Ba sai mun je nesa ba. Lakurawan da aka ce saboda irinsu aka harbo makaman da suka faɗo mana, a watan Nuwamban 2024 ne hedikwatar tsaro ta gabatar da su ga 'yan Nijeriya a matsayin sabuwar ƙungiya. Mutanen Gudu da Tangaza sun san su tun wajen 2018. Sun ga shigowarsu, sun ga sanda suka fara wa'azi, sun ga sanda suka fara karɓar shanu da sunan zakka suna dukan samari. Shekara shida gara tana ci ana cewa gobe. Da aka tashi kashe ta sai aka zo da kayan kashe gobara. Ranar 25 ga Disamba, 2024, harin jirgin sojan sama a wasu ƙauyuka biyu na Silame ya yi sanadin mutuwar mutum aƙalla 10 da mutanen yankin suka ce fararen hula ne. Shekara guda cif bayan haka, rana ɗaya, wata ɗaya, sai ga namu rabon a Jabo. Ban ce kada a yaƙi ɗan ta'adda ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Cewa nake makami mai linzami yana iya rushe sansani cikin daƙiƙa, amma ba zai zaunar da alƙali a Tangaza ba, ba zai raba manomi da makiyayi a kan burtali ba, kuma rashin waɗannan ne ya sa tun farko wasu suka yi maraba da baƙi masu bindiga.

Mun kuma ɗanɗana wani maganin gaggawar a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, aka rufe wasu kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur a jarka. An ce na ɗan lokaci ne domin a shaƙe 'yan bindiga. A watan Oktoba suka shiga kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40. Talaka ya biya kuɗin matakin da cinikinsa da zumuncinsa, daga baya aka buɗe layuka, ɓarayin suna nan inda suke.

Yanzu ga 'yan'uwanmu na Kebbe, waɗanda muke mazaɓa ɗaya da su a majalisar wakilai, muke auratayya, muke cin kasuwannin juna. Ƙasarsu ta jingina da Zamfara, kuma abin da ya cinye gabashin jihar nan, Isa da Sabon Birni da Rabah, ya fara lasar su. Na zauna da wani magidanci da ya kwaso iyalinsa daga wani ƙauye na can ya sauka gidan surukinsa. Bai yi mini kukan harin da ya kore su ba, wannan ya bar wa Allah. Lissafi ya yi mini da yatsu. Gonar nesa ya daina zuwa tun bara waccan, shanun huɗa ya sayar ya fanso ƙanensa, yaransa biyu sun bar makaranta domin malamin ya daina zuwa, bana kuma ko gonar bayan gida bai shuka ba. Ya ce an ba su shinkafa da tabarma da bargo, sun gode, shinkafar ta yi kwana goma sha biyu. Agajin hukumomin ba da agajin gaggawa, SEMA da NEMA, abu ne mai kyau, kuma shi ne daidai a makon farko. Amma mutumin nan makonsa na farko ya wuce tuntuni. Abin da ke gabansa shi ne damina mai zuwa, da wadda ke bin ta, da ko 'ya'yansa za su tashi manoma ko almajiran tasha. In duk shekara buhu za a kawo masa a ɗauki hoto, to an mai da shi majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwa ana sallama.

Cakuɗawar tana da ɗaya fuskar, ita ce ta fi ciwo, domin a nan ake mutuwa nan take. Abin da yake gaggawa na gaske sai a bi shi da tafiyar hawainiya. Shekarun baya matar ƙanena ta fara zubar da jini bayan haihuwa da tsakar dare a wani ƙauye. Muka kai ta ɗakin shan magani mafi kusa, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muka kira lambar da aka rubuta a bango, a kashe. Motar da muka samu ta wani ɗan kasuwa ce, sai da muka tashi mai sayar da man bumburutu daga barci. Ina riƙe da fitilar waya, uwarta tana riƙe da kanta, muna jin numfashinta yana raguwa a kan hanya. Ta rayu, da ikon Allah da jinin da wani ɗan acaba da bai san mu ba ya bayar. Da safe wani ma'aikaci ya ce mini ai an rubuta takardar neman motar asibiti, tana kan tebur ana jiran sa hannu. Takarda tana iya jiran sa hannu in zancen ginin aji ne. Jini ba ya jira. Haka kwale-kwalen da ya kife a kogin Shagari a watan Afrilun 2022 ya hallaka mutum 29, da wanda ya kife da 'yan kasuwa a Goronyo a watan Agustan 2025. Mintocin farko ne ke raba mai rai da gawa, su kuwa tsofaffin jiragen da rashin rigar ruwa da rashin gada aikin shekaru ne da ake mantawa da shi da zarar an yi addu'ar uku.

Ranka shi daɗe, ba baƙon ilimi nake kawo maka ba, a gidanmu yake. A shekarar yunwar da ta auka wa Madina zamanin Sayyidina Umar, ya ɗauki matakan da ba a saba ba, ya nemi abinci daga Masar da Sham, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata, da ruwa ya sauka kuma aka koma yadda ake. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa lalura gwargwadonta ake auna ta, in ta gushe hukuncinta ya gushe. Annabi Yusuf, alaihis salam, shi kuma shekara bakwai ya yi yana tara hatsi tun ana cikin ƙoshi, lokacin da ba wanda ke jin yunwa balle ya gode masa. Ko Tambuwal ɗin nan ai ribaɗi ce tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun gane cewa iyakar da ake kai wa hari kullum ba a tsare ta da fita yaƙi kaɗai, sai an kafa gari, an zaunar da mutane da malamai da masu sana'a, an yi ganuwa, an yi noma a bayanta. Da kansa ya je ya zauna Wurno.

Don haka roƙona kashi biyu ne, kuma ina so a riƙe su a aljihu daban-daban. Na gaggawa ba shi da tsada. A samu mota ɗaya mai lafiya da mai a tanki a Tambuwal, ɗaya a Kebbe, da direban da ke kwana kusa da ita. A samu lambar da in an kira ƙarfe biyun dare mutum zai ɗauka da Hausa, ko 112 ce ko wata, a rubuta ta a ƙofar kowane masallacin Juma'a. A ba wani jami'i a ƙaramar hukuma ikon kashe kuɗi kaɗan nan take ba sai ya jira Sakkwato ba, a bincike shi daga baya. Hakimai da dagatai da limamai su san tun yau wa zai kira wa, wa zai yi shela. Rundunar tsaron al'umma da ka kafa tana iya ɗaukar rabin wannan aiki in an koya mata.

Na biyun shi ne mai wuya, domin ba ya ƙarewa kafin zaɓen 2027, kuma wanda zai ci amfaninsa wataƙila ba kai ba ne. Ina roƙon a daina kiransa ta-ɓaci, a kira shi aiki. A ƙidaya ƙauyukan Kebbe da Tambuwal da aka bari, da gonakin da ba a nomawa, da makarantun da ba malami, mazaɓa-mazaɓa, a karanta adadin a gidan rediyon Rima duk shekara, ko ya ragu ko ya ƙaru, mu ji da kunnenmu. A sa wa kowace matsala sunan mutum ɗaya da za mu tambaya, domin kwamiti ba shi da fuska. Jami'an tsaron da za a kai Kebbe su zauna har a yi shuka a yi girbi, zuwan kwana uku bayan hari ɓarayi sun riga sun san lissafinsa. Kuɗin da za a sayi buhunan rabo na shekara mai zuwa, a ɗebi wani abu a ciki a gina wa malami da ungozoma ɗakin kwana da rijiya a ƙauyen da ake tura su.

Saura maganar Jabo ita kanta. 'Yan jarida sun zo daga ko'ina, sun ɗauki hoton ramin, sun tafi. Abin da suka bar mana shi ne duk wanda ya buga sunan garinmu a intanet, kalmar ta'addanci zai gani kusa da shi, alhali mu manoma ne da 'yan kasuwa, ba mu taɓa ɓoye kowa ba. Ɗalibina da ya je neman aiki kudu ya ce da aka ga garin haihuwarsa sai da aka sake kallonsa. Bayanin da aka yi daga Abuja da Turanci aka yi shi, ga mutanen da abin bai faɗo musu a gona ba. Muna roƙonka ka zo da kanka, ko ka aiko wanda maganarsa taka ce, a zauna ƙofar fadar hakimi, a faɗa mana da Hausa mene ne ya faɗo, ko ƙasar wurin lafiya take a shuka, wa zai biya masu gonar, da abin da aka shirya domin kada a sake. Dattijon nan mai bargo har yanzu yana jiran amsar tambayarsa, kuma damina tana tafe.

Allah shi taimake ka, shi ba ka mashawarta na gari. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal.